Yadda ake juya aikatau a sigar "hubiera" ta Sifaniyanci

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ake gina pluscuamperfecto de subjuntivo, wato sigar "hubiera" da ake faɗin abin da bai faru ba a baya da ita, da kuma inda ake amfani da shi. Kwantar da hankalinka, ka daɗe kana yin sa da Hausa. Duk ranar da ka ce "da na sani, da ban je ba", to wannan sigar ce.

Kalma biyu ake haɗawa. Ta farko daga aikatau mai taimako haber take, ita ke canjawa bisa ga mai aikin: hubiera, hubieras, hubiera, hubiéramos, hubierais, hubieran. Ka kula da alamar da ke kan é a hubiéramos, ɗalibai na yawan mantawa da ita. Ta biyu ita ce aikatau ɗin: hablar (yin magana) ya koma hablado, comer (ci) ya koma comido, vivir (rayuwa) ya koma vivido. Ba ta canjawa, ko mace ce ko mutane goma. Akwai 'yan masu taurin kai da ba sa bin wannan tsari, sai an haddace su: hecho, dicho, visto, escrito, puesto, vuelto, abierto.

Dubi wannan: Si hubiera estudiado, habría aprobado, wato da na yi karatu, da na ci jarrabawa. Bayan si (wato "da" ta farko) kada ka sa habría, nan ne mutane suke tuntuɓe.

Akwai kuma wata siga, hubiese, ma'anarsa ɗaya da hubiera, sai dai hubiera ya fi yawa a baki, musamman a Latin Amurka. Ni shawarata ka riƙe hubiera tukuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne ojalá, wadda asalinta Larabci ne, sunan Allah ke cikinta. Ojalá hubieras venido: ina ma ka zo.