Daga Ina Sunan Nebukadnezzar Ya Fito, Kuma Me Yake Nufi?

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da sunan Nebukadnezzar a littafin Daniyel, kuma an ce mini shi ne Buhtunassar da ake ambata a tafsiri. Shin sunan Ibrananci ne? Ƙarshensa na da alaƙa da kalmar "nasara"?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Mutum ɗaya ne, amma sunan ba na Ibrananci ba ne. Na harshen Akad ne, harshen fadar Babila a ƙasar Iraƙi ta yau, inda wannan sarki ya yi mulki daga shekarar 605 zuwa 562 kafin Miladiyya. A kan tubalan gine-ginensa, waɗanda aka buga wa hatiminsa, sunan shi ne Nabu-kudurri-usur. Jimla ce guda, kuma roƙo ce mai gaɓa uku.

Nabu abin bautar Babilawa ne da suke jingina wa rubutu da hikima, babban ɗakin bautarsa yana garin Borsiffa. Shi ne Nebo da ke Ishaya 46:1. Usur kuwa umarni ne, "ka tsare", daga aikatau nasaru. A nan mutane da yawa ke zamewa, domin kunne yana jin "nasara". Saiwar ba ta cin yaƙi ba ce, ta tsaro ce da sa ido. 'Yar'uwarta a Larabci ita ce nazara, wato duba, wadda ta ba mu "nazari" a Hausa. Irin wannan ƙarshe ne a sunan Belshazzar, Bel-shar-usur, "Bel, ka tsare sarki".

Gaɓar tsakiya ce mai gardama. Harshen Akad na da kalmomi biyu masu lafazi ɗaya, kudurru: ɗaya iyakar gona ko dutsen shaidar iyaka, ɗaya kuma babban ɗa, magaji. Masanan farko sun ɗauki ta farko, suka fassara "Nabu, ka tsare iyaka", kuma har yanzu za ka ga haka a tsofaffin littattafai. Fassarar da ta fi ƙarfi ita ce "Nabu, ka tsare magajina", wasalin i na ƙarshen kudurri shi ne "nawa". Dubi sunan mahaifinsa, Nabu-apla-usur, wato Nabofolassar: "Nabu, ka tsare ɗa magaji". Ƙira ɗaya ce, roƙon uba a kan ɗansa.

Da sunan ya shiga Ibrananci sai ya rabu biyu. Ezekiyel da mafi yawan Irmiya suna da Nebukadrezzar, da r. Littattafan Sarakuna na biyu, Ezra da Daniyel suna da Nebukadnezzar, da n. Mai r ɗin ne ya fi kusa da asali, domin r ɗin kudurri ce, kuma tsohon rubutun Farisanci na dutsen Behistun ma ya riƙe ta. To ina n ta fito? Harshe ba ya son r biyu kusa da juna a kalma ɗaya, sai ya musanya ta farko da baƙi mai sauƙi. Akwai masu cewa da gangan aka yi don a muzanta sarkin da ya ƙone Haikalin Urushalima, tunda kudanu alfadari ne, sunan ya koma "Nabu, ka tsare alfadari". Zancen na da daɗin ji, amma ni ban gamsu da shi ba: sauyin lafazi kaɗai ya wadatar, kuma babu nassin da ya nuna marubutan sun san da wannan habaici.

Wannan zz da kake gani baƙi ɗaya ne a Ibrananci, tsade, takwaran sadi na Larabci, don haka furucin ya fi kusa da "Nebukadnetsar".

Buhtunassar kuma hanyar da sunan ya bi ne zuwa Larabci, sautin "Na" na farkon Nabu ya yanke. Ba ya cikin Alƙur'ani da suna; malaman tafsiri ne, irin su Ɗabari, suka kawo shi wajen bayanin farkon Suratul Isra'i. Wasu tsofaffin masana lugga sun ce buht ɗa ne, Nassar kuma gunki ne da aka tsinci jaririn a gabansa ba a san ubansa ba. Wannan bayani an yi shi ne tun kafin a iya karanta rubutun Babila a ƙarni na 19, kuma tubalan sarkin da kansu suna kiransa babban ɗan Nabofolassar, sarkin Babila.