Bam ya tashi a nesa, to me ya kama mutanen tsibiran Marshall da sojoji?

Tambaya: Salam likita. Na ji wai mutanen wasu tsibirai da Amurka ta yi gwajin nukiliya kusa da su har yau suna fama da ciwo, har da sojojin da suka yi aiki a can. To ai wutar bam ɗin ba ta kai gare su ba, me ya same su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ƙurar bam ɗin ce mai ɗauke da radiyeshan, wato gubar nukiliya, ta same su, kuma ɓarnar da ta fi yawa sai da ta shiga cikin jiki ta yi ta.

Amurka ta yi gwaji 67 a tsibiran Marshall daga 1946 zuwa 1958, mafi muni shi ne Castle Bravo na ranar 1 ga Maris 1954 a tsibirin Bikini, an yi zaton ƙarfin bam ɗin megatan 6 zai yi sai ya yi 15 (megatan ɗaya shi ne ƙarfin tan miliyan ɗaya na nakiyar TNT). Ya niƙe murjani da yashi ya yi sama da su, iska ta kwasa ta yi gabas, bayan 'yan awoyi farar toka ta fara zuba a tsibirin Rongelap wajen kilomita 150 daga wurin. Mutum 64 ne a tsibirin, ba wanda ya gaya musu komai. Yara suka yi ta wasa da ita, ta manne a gashin mata saboda man kwakwar da suke shafawa, ta faɗa cikin ruwan sama da suke tarawa na sha. Daga nan sai amai da ƙaiƙayi, bayan sati biyu zuwa uku fata ta fara salewa gashi yana zuba, ƙwayoyin jini suka yi ƙasa saboda ɓargo ya taɓu.

A tsibirin Rongerik akwai sojojin Amurka 28 masu duba yanayi, su sun san haɗarin, suka shige ɗaki suka yi wanka suka canza kaya, washegari aka kwashe su. 'Yan Rongelap kuwa sai da suka kwana biyu a cikin tokar nan, wallahi wannan kwana biyun yana ci min rai duk sanda na tuna.

Babban abin shi ne sinadarin ayodin mai radiyeshan da ke cikin tokar, irin su ayodin-131. Akwai 'yar tsoka a gaban wuya, tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, aikinta zuƙar ayodin, kuma ba ta bambance mai kyau da mai guba, ga ta yaro ƙarama ce sai gubar ta taru a ɗan wuri. Shi ayodin-131 duk kwana 8 rabinsa yake mutuwa, cikin 'yan watanni ya ɓace, amma ya riga ya yi aika-aika. Sai wajen 1963 ƙulli ya fara bayyana a wuyan yaran, yawancin waɗanda ba su kai shekara 10 ba lokacin gwajin sun samu, an yi wa da yawa tiyata, wasu girmansu ya tsaya. Wani yaron Rongelap, Lekoj Anjain, yana ɗan shekara 1 tokar ta same shi, kansar jini ta kashe shi a 1972.

Sai siziyom-137, wani sinadarin mai radiyeshan, shi kuma shekara 30 kafin rabinsa ya tafi. Ƙasar tsibiran ba ta da isasshen fotashiyam, sai bishiyar kwakwa ta zuƙe siziyom a madadinsa, mutum ya ci kwakwa ya shiga naman jikinsa. Shi ya sa 'yan Bikini da aka mayar gida aka sake kwashe su a 1978, 'yan Rongelap da aka mayar a 1957 su ma suka bar nasu a 1985 cikin jirgin ruwan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace.

Sojojin da ka tambaya, akwai dubbai da aka tura Enewetak, wani wurin gwajin a tsibiran, daga 1977 zuwa 1980 su kwashe gurɓatacciyar ƙasa su zuba a ramin da bam ya haƙa a tsibirin Runit a rufe da siminti, da yawansu da gajeren wando suka yi aikin saboda zafi. Matsalarsu ita ce kansar radiyeshan ba ta da wata alama da ta raba ta da sauran kansa, in ta fito bayan shekara 20 ko 30 likita ba zai iya rantsewa ga dalilinta ba, da wannan aka daɗe ana hana su haƙƙinsu. Sai a 2022 dokar PACT ta Amurka ta sa su cikin waɗanda ake ɗauka radiyeshan ya shafa, lokacin da yawa sun riga mu gidan gaskiya.