Supa ko kamfa: wanne zan saya wa gonar ciyawa ta bakin tafki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ware kadada ɗaya na shuka gamba da lablab saboda shanuna. Gonar tana gangarawa zuwa tafkin da dabbobin ƙauyenmu ke sha. Mai shagon taki ya ce in ɗauki kamfa buhu huɗu, maƙwabcina kuma ya ce supa. Wanne zan saya, kuma da gaske taki yana ɓata ruwa? Daga wani mai kiwo a Dambatta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maƙwabcinka ya fi mai shago gaskiya. Ƙasarmu ta Arewa tana da ƙarancin fosfaras, sinadarin da ke ƙarfafa saiwa, kuma lablab dangin wake ne, da kansa yake samo naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, daga iska. Abin da ya fi buƙata shi ne supa, wato takin fosfaras. Ka duba lissafin: buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da fosfet, wato ma'aunin fosfaras a taki, kilo 7 da rabi, na supa kuwa kilo 8 zuwa 10, ga kuma sinadarin farar wuta a ciki, wanda dangin wake ke so. A shekarun 1980, da aka gwada wa Fulani killatattun gonakin sitailo, wata ciyawar kiwo dangin wake, a kudancin Kaduna, supa aka riƙa zuba musu. Buhu biyu zuwa uku ya ishe ka a shekarar farko, sannan ka rage, domin fosfaras yana daɗewa a ƙasa. In gamba ta yi ruwan ɗorawa bayan yanka, ɗan yuriya ya wadatar. In da hali, kai samfurin ƙasar a auna maka a cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya kafin ka kashe kuɗi.

Maganar ruwa kuwa gaskiya ce, kuma gonarka irin wadda ake jin wa tsoro ce. Fosfaras ba ya nutsewa can ƙasa, manne wa ƙasar sama yake yi. Da an yi ruwa mai ƙarfi, jan ruwan nan da kake gani yana kwarara, shi ke kwashe ƙasar da takin zuwa tafki. Can zai zama abincin gansakuka. Ruwan ya yi kore shar, ya yi yauƙi, in gansakukar ta ruɓe ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, ka wayi gari ka ga karfasa sun taso ciki sama. Akwai ma wadda ke yin kumfa mai shuɗi-shuɗi a bakin ruwa lokacin zafi, tana da dafin da ke lalata hantar dabba, har ya kashe saniya. In ka ga irin wannan, kada ka bari su sha.

Don haka kada ka watsa supa a sarari. Ka zuba lokacin shuka ko noman farko, ka rufe da ƙasa, kuma ba ranar da hadari ya haɗo ba. Kunyoyinka su gitta gangaren. Tsakanin gona da tafki ka bar gamba mai kauri, faɗin taku goma ko fiye, ba taki ba kiwo, ita za ta tare laka.

Tambaya: Ni ba na sayen takin zamani, kashin kajina da na awaki nake kaiwa gonar ciyawa. Ai ba ni da wannan matsalar ko? Daga wata mai kiwo a Gaya.

Amsa: Hajiya, kina da ita. Kashin kaji yana da fosfaras sosai, kuma wanda ke zuba shi duk shekara a wuri ɗaya yana tara fiye da abin da ciyawa ke ci. Kada ki ƙara supa a kai, asarar kuɗi ce. Abin da ya fi damuna shi ne inda ake jibge shi. Sau da yawa a bakin kwata ko gefen rafi ake tarawa tun rani, ruwan farko ya zo ya wanke rabi. Ki tara shi a kan tudu, nesa da rijiya, ki rufe da kara ko tsohuwar leda, a kai gona a gauraya da ƙasa kafin damina ta kankama.