Wata ta karya farashin sarƙa kusa da teburina, yaya zan yi?

Kin ce kina kasa sarƙa da 'yan kunne a kasuwar Wudil ranar Juma'a, wata ta kafa tebur kusa da ke tana sayarwa ƙasa da kuɗinki. 'Yar'uwa, kada ki bi ta. In ku biyun daga Sabon Gari kuke sarowa, ragin uwar kuɗinki zai ci.

Abin da ke ƙona ran mai saye shi ne sarƙar da ta koɗe tun ba a watse biki ba. Ruwan gwal da ke kan mai araha ɗan siriri ne, gumi da turare da man shafawa ke cinye shi, tagullar ƙasa ta fito, wuya ya yi kore. To ki raba kayanki biyu, na kwalliyar kwana biyu da na lefe, ki faɗa wa kowa gaskiyar abin da ta ɗauka. Kowace sarƙa a ledarta, kada ta wuni a rana. Ki nemi ƙaramar filaya da 'yan ƙugiyoyi, wadda tata ta tsinke ki gyara mata kyauta; da wuya ta tashi ba ta ɗauki ɗan kunne ba.

In za ki taɓa azurfa, duba hatimin 925, wato lambar da ake bugawa a jikinta mai nuna kashi 925 cikin dubu azurfa ce; a gwal kuwa hatimin 750 na nufin kashi 750 cikin dubu gwal ne, shi ake kira karat 18. Amma hatimi ana buga na ƙarya, sai ki riƙe dila ɗaya amintacce.

Sari mai yawa kuma ki yi shi gab da kaka, kafin a sayar da amfanin gona a fara haɗa lefe.