Gidan da Aka Haifi Shugaba Shi Ke Yanke Halinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ta kaure a majalisarmu. Wasu sun ce mulki sai ɗan gado, wanda bai tashi a gidan sarauta ba ba zai iya riƙe jama'a ba. Wasu kuma sun ce ɗan talaka ne kaɗai ya san zafin talaka. Shin da gaske haihuwa da tarbiyya ne ke tsara halin shugaba? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kowane ɓangare ya kama wani abu, amma duka biyun sun ɗora wa jini nauyin da ba nasa ba. Abin da gida ke ba yaro shi ne ganinsa na farko game da iko: wa ke magana a yi shiru, wa ake durƙusa wa, me ke faruwa da wanda ya ce a'a. Wannan ganin yakan bi mutum har kan kujera. Mu duba mutum uku da tarihinsu yake a rubuce.

Sir Ahmadu Bello a Rabah aka haife shi, ɗan hakimin garin, tsatson Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Yaron irin wannan gida tun yana ƙarami yake ganin zaure cike da mutane, wannan ya zo gaisuwa, wancan ya kawo ƙara, ana fitowa da akussan tuwo ana ajiye wa baƙin da ba a ma san sunansu ba. A nan yake koyon cewa babba shi ne mai bayarwa, kuma wanda aka ba ya zama mutuminka. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, aka naɗa Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi Sardauna. Daga baya aka tuhume shi kan kuɗin jangali, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya kafin a wanke shi. Da ya zama Firimiyan Arewa a 1954, riƙon hakimi ya yi wa jihar: kyauta ba ƙaƙƙautawa, sanin mutane ɗaya-ɗaya, ɗauko 'ya'yan mutane a tura su karatu a ba su aiki. Gefensa na biyu kuwa, wanda ya tashi a inda biyayya ke bin kyauta yakan ji zafin adawa kamar butulci. Zamaninsa ne 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka sha ɗauri a kotunan En'e, wato hukumar mulkin sarakuna.

Malam Aminu Kano, haihuwar 1920 a unguwar Sudawa, shi ma ba ɗan talaka ba ne yadda ake zato, kuma wannan ya kamata ya tsayar da masu gardamarku. Daga Gyanawa yake, zuriyar malamai da alƙalai, mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali. A gidan shari'a abin da yaro ke ji shi ne ina hujja, ina shaidu, me littafi ya ce. Yana tashi da sanin cewa akwai abin da ke saman sarki. Don haka tawayen Malam bai fito daga yunwa ba, daga ilimin da ke auna mai mulki da ma'aunin adalci ya fito. Ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950 ya rungumi NEPU, ya rasu a 1983 bai tara abin duniya ba. A karatuna, wannan tarbiyya ta ba shi tsarkin hannu da kaifin harshe, amma riƙe jam'iyya bayan ta ci mulki wani fanni ne dabam, kuma an ga yadda jam'iyyarsa ta baya, PRP, ta dare gida biyu, santsi da taɓo, jim kaɗan bayan ta ci Kano da Kaduna a 1979.

Sir Abubakar Tafawa Balewa, haihuwar 1912 a ƙasar Bauchi, shi ne wanda ba shi da gadon sarauta. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, hidima yake yi a gidan hakimi. Ɗan mai hidima yana ganin iko kusa da kusa amma daga bakin ƙofa. Yana koyon lokacin magana da lokacin shiru, da yadda ake gaya wa babba gaskiya ba tare da an kunyata shi ba. Makaranta ce ta ɗaga shi. Haƙurin nan da iya lafazi su suka sa ya riƙe gwamnatin haɗin gwiwa a Legas tun daga 1957, kuma su ne masu suka ke kira jan ƙafa lokacin da Jihar Yamma ta kama da wuta bayan zaɓen Oktoban 1965.

Ga abin da ya fi burge ni. Balewa da Aminu sun koyar tare a Midil ta Bauchi, sun zauna da malamin nan ɗan gwagwarmaya Sa'adu Zungur, su biyun sun je karo ilimi Landan, dukansu sun ga ɓarnar En'e. A watan Agustan 1950 Balewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya kawo ƙudurin a gyara tsarin daga ciki. A watan nan dai aka kafa NEPU a Kano don a tunkare shi daga waje. Ciwo ɗaya suka gani, kowa ya ɗauko maganin da hannunsa ya saba da shi tun gida.

Amma a yi hattara, don nan ne masu nazari ke zamewa. Gidajen nan uku sun haifi wasu 'ya'ya da dama da ba su zama komai a siyasa ba, albasa ba kullum take halin ruwa ba. Sannan labarin yarantar manya galibi bayan sun shahara ake tattara shi, masoyi ya tuno alheri, maƙiyi ya tuno rashin ji. Labarin "na yi talla, na tafi makaranta ba takalmi" da ake bazawa lokacin kamfe, a saurare shi da kunne ɗaya. Talauci yakan haifar da tausayi, yakan kuma haifar da tsoron komawa gidan jiya, wanda shi ne tushen wawura.

Idan kuna son auna ɗan takara ta wannan hanya, kada ku tsaya a sunan mahaifi. Ku binciki wanda ya riƙe shi a zahiri, tunda a ƙasar Hausa sau da yawa kaka ko gwaggo ko malamin allo ne ke renon yaro, musamman ɗan fari. Ku tambayi aikinsa na farko, da yadda ya bi da na ƙasa da shi lokacin da babu mai kallonsa. Mafi muhimmanci, ku nemo faɗuwarsa ta farko, zaɓen da ya rasa ko muƙamin da aka hana shi, ku ga abin da ya yi a shekarar da ta biyo baya: ya koma ya yi aiki ƙarƙashin wanda ya kayar da shi, ya ja zuga ya fice, ko ya zauna yana lissafin waɗanda zai rama a kansu. Direbansa na da, abokan ajinsa da maƙwabtan unguwar da ya tashi sun fi takardar tarihinsa sanin amsar, kuma yawancinsu suna nan da rai, ana iya zuwa a tambaye su.