Yaya zan shawo kan matasanmu su fita zaɓe?

Malam, ka ce matasan unguwarku da suka cika shekara 18 suna ganin ƙuri'a ɓata lokaci ce. Ba su kaɗai ba, a 2023 kusan kashi 27 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya.

Kada ka yi musu lacca. Same su wajen mai shayi, ka fara da abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, rashin aiki ko kwatar da ta toshe, sannan ka nuna musu wanda alhakin ke wuyansa. Wasu kuma rashin sanin tsarin ne ke hana su: katin zaɓe a hannu, rumfar da aka yi rajista, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta duba yatsa ko fuska.

Ka guji tallata ɗan takara, za su ce an saye ka. Matsalar kati kuwa, sai ofishin hukumar zaɓe ta INEC na ƙaramar hukuma.