Amsar tambayarka kan tsofaffin caji ofis na Landan

Assalamu alaikum ɗana,

Saƙonka ya iso, na kuma yi farin cikin jin kana lafiya, karatu yana tafiya daidai. Ka ce abokan karatunka sun gayyace ka cin abinci a wani otal, sai da kuka zauna aka gaya maka a da caji ofis ne haɗe da kotu, har wasu suka shige ɗakunan da ake tsare mutane suna ɗaukar hoto ana ta dariya. Kai kuwa jikinka ya yi sanyi. Kana tambaya ko al'adar mutanen Landan ce haka, kuma ko ya kamata ka sake taka wurin. Bari in ɗauko maka zancen daga tushe.

A da Landan ba ta da rundunar 'yan sanda irin wadda kake gani yau. Masu gadin dare ne unguwa-unguwa, da fitila da sanda. A 1749 wani majistare mai suna Henry Fielding, wanda yake zaman shari'a a titin Bow Street, ya ɗauki mutum shida yana aika su kamo ɓarayi. Da ya rasu a 1754, ƙanensa John, wanda makaho ne, ya gaje shi ya faɗaɗa aikin. Sai a 1829 Robert Peel, ministan cikin gida na lokacin, ya kafa rundunar birnin, hedkwatarta a Whitehall Place, ƙofarta ta baya tana fuskantar lungun da ake kira Scotland Yard.

Mutanen Ingila ba su karɓi abin hannu bibbiyu ba. Tsoronsu shi ne gwamnati ta zuba musu soja a titi da sunan tsaro. Shi ya sa aka ba ɗan sanda shuɗiyar riga, tunda ja ita ce ta soja, aka riƙa masa kulki maimakon bindiga. Caji ofis ɗin ma aka dasa shi cikin unguwa, kusa da kasuwa da gidajen mutane. Daga 1861 aka fara rataya shuɗiyar fitila a ƙofarsa, domin wanda dare ya rutsa da shi, ko matar da ɗanta ya ɓata, su hango ta daga nesa su san akwai ƙofar da ba a kullewa. Idan al'ada kake nema, wannan ce ta ainihi. Na Bow Street ne ya fita daban da farar fitila. Mutanen garin suna ba da labari cewa Sarauniya Victoria ce ba ta son ganin shuɗiyar idan ta zo gidan waƙe-waƙen da ke daura da shi.

Da yawa daga cikin waɗanda za ka ci karo da su, masu jan bulo da farin dutse a bakin tagogi, zanen mutum ɗaya ne, John Dixon Butler, mai zana wa rundunar gine-gine daga 1895 har rasuwarsa a 1920. Da ka shiga, kanta ce za ta tare ka, sajan yana zaune bayanta da babban littafinsa. Ɗakunan tsaro suna can baya. A wasu, samarin 'yan sanda marasa aure suna kwana a sama. Inda aka haɗa da kotu kuwa, daga ɗakin tsaro sai gaban majistare, ba sai an fito da mutum titi ba.

Abin da ya ci su a fili yake. Mota da rediyo da waya sun sa ɗan sanda ba ya bukatar ofis a kowace kusurwa, gyaran tsohon gini yana lashe kuɗi, ga shi fili a tsakiyar Landan ya fi zinariya. A 2014 an sayar da hedkwatar rundunar da ke Broadway kan fam miliyan 370, aka rushe ta aka yi gidaje masu tsada. A 2017 magajin gari Sadiq Khan ya sanar da rufe kusan rabin kantocin caji ofis da jama'a ke kai ƙara, bisa hujjar cewa yawanci ta waya ko intanet ake kai ta yanzu.

To me ya hana a rushe sauran? Doka. Tun bayan yaƙin duniya na biyu Ingila take da rajistar gine-ginen tarihi, kuma ginin da ya shiga ciki, ko kai ka saye shi da kuɗinka, ba ka isa ka rushe shi ko ka canza fuskarsa ba sai da izini. Dole mai saye ya nemo masa sabuwar sana'a. Tsohuwar hedkwatar da ke bakin kogin Thames, wadda aka shiga a 1890 aka fita a 1967, yanzu ofisoshin 'yan majalisa ce. Caji ofis ɗin da ke kusa da gadar Tower ya zama otal, aka ma raɗa masa sunan Dixon. In ka je dandalin Trafalgar, ka duba kusurwar kudu maso gabas, za ka ga wani ɗan ɗaki na dutse a gindin fitila, mai siraran tagogi, da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu. A nan ɗan sanda yake tsayawa yana lura da masu zanga-zanga, da waya kai tsaye zuwa hedkwata. Leƙa ta gilashin ƙofar yau, tsintsiyoyin masu shara za ka gani.

Na Bow Street ne nake so ka je da ƙafarka. An buɗe ginin a 1881. Emmeline Pankhurst, mai fafutukar a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a, ta gurfana a kotunsa a 1908, kuma nan aka saurari batun miƙa Pinochet, tsohon shugaban mulkin sojan Chile, ga wata ƙasa domin a yi masa shari'a. 'Yan sanda sun tashi a 1992, kotu ta rufe a 2006, ginin ya daɗe a kulle, sai a 2021 aka buɗe shi otal. Amma an ware wani ɓangare aka mai da shi gidan tarihi, aka bar ɗakunan tsaron a tsaye. Ka tsaya gaban ƙofa ɗaya ka dubi kaurinta, da 'yar tagar da ake miƙo abinci, da benci na katako da mutum yake kwana a kai. Akwai babban ɗakin da ake tara waɗanda suka bugu a kwana ɗaya, da safe a jera su gaban alƙali.

Ni dai a ganina, adana ginin daidai ne, kuma gara otal da kango. Inda na raba hanya da su shi ne mayar da ɗakin tsaro wurin shaye-shaye da raha, kamar yadda wasu otal-otal suka yi don jawo baƙi. Wannan dabarar 'yan kasuwa ce ta kwanan nan, kada ka ɗauke ta al'adar gari. Wanda ya kwana a ɗakin nan ɗan wani ne. Wani ɓarawo ne, wani yunwa ce ta kai shi, wata kuma haƙƙinta kawai ta nema, akwai kuma wanda bai ci ba bai sha ba. Uwa ta tsaya a wannan kantar tana roƙon beli. Sanyin jikin da ka ji, tarbiyya ce, kada wani ya sa ka ji kunyarsa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Fitilar da aka rataya don talaka ya hango, yanzu ado ce a ƙofar da ba zai iya biyan kwana ɗaya a cikinta ba. Tsohuwar da ba ta iya intanet ba, da matar da ta gudo daga dukan miji da tsakar dare babu waya a hannunta, ƙofa suke bukata da mutum a bayanta. Da yawan mazauna Landan sun yi wannan kukan lokacin rufe-rufen, kuma ina ganin da gaskiyarsu.

Saboda haka in an sake gayyatarka, ka je ka ci abincinka matuƙar halal ne, babu laifi a zaman. Hoton ɗakin tsaro dai ka bar musu, ba tare da ka yi wa kowa wa'azi ba. In sun tambaye ka dalili, ka ja su zuwa gidan tarihin Bow Street ranar da ba ku da darasi.

Mahaifiyarka ta ce ka riƙa kiranta ranar Juma'a. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar jarrabawa.

Kawunka